Mahaɗin Allurar Rigakafi: Ma'anar Kalmar "Ajuban" da Asalinta

 A wannan fitowa za mu yi magana a kan kalma guda ɗaya ta likitoci. Kalmar baƙuwa ce a kunnenmu, amma abin da ta ke nufi ba baƙo ba ne, gama ya daɗe yana shiga jikin 'ya'yanmu da dabbobinmu.

Akwai tambayoyi uku da a ke yawan yi mana in mun fita ƙauyuka. Don me cinyar yaro ta kan kumbura bayan allurar rigakafi? Mene ne farin abin nan da ke kwantawa a gindin kwalbar allura, wanda sai ma'aikaci ya girgiza kafin ya zuƙa? Don me kuma a ke cewa kada wata allurar ta daskare, alhali kuwa mun san zafi ne ke ɓata magani? Amsar dukansu ɗaya ce, tana kuma cikin wannan kalma. A takardar magani a kan rubuta ta adjuvant. Mu a nan za mu riƙa rubuta ta yadda bakinmu zai iya faɗa, wato ajuban.

Inda kalmar ta fito

Kalmar ta fito daga Latin, harshen Romawa na dā, wanda likitocin Turai suka daɗe suna rubutu da shi. A Latin akwai kalmar adiuvare. Gaɓa biyu ce aka haɗa: ad, wato "zuwa ga", da iuvare, wato "taimaka". In an haɗa su, ma'anar ita ce kawo wa wani gudummawa. Wanda ke kawo gudummawar shi ne adiuvans, watau mataimaki. Ashe ba wata ɓoyayyar ma'ana a ciki. Ajuban mataimaki ne kawai.

Kalmar tana da 'yan'uwa da muka saba ji. Hafsan nan da ke tsayawa a bayan Gwamna, wanda a ke kira edisi, farkon sunan muƙaminsa daga wannan tushe ya fito. Haka kuma ajutan na soja, hafsan da ke taimakon kwamanda da aikin ofis. Dukansu mataimaka ne. Ba su ne masu muƙamin ba, amma in babu su aikin mai muƙamin ba ya tafiya daidai.

Likitocin Turai na dā sun kan raba takardar magani kashi huɗu. Na fari shi ne uwar maganin, wadda ke yaƙi da cutar. Na biyu shi ne adiuvans, mai ƙara wa uwar maganin ƙarfi. Na uku shi ne mai gyara ɗanɗano ko rage lahani. Na huɗu shi ne abin da ke ɗauke da su duka, kamar ruwa ko mai ko zuma.

Wanda ya taɓa karɓar saiwa ko sassaƙe a wurin mai maganin gargajiya zai gane wannan nan da nan. Ba ya sallamarka sai ya gaya maka mahaɗin: jar kanwa, ko nono, ko zuma, ko kunu. To, kalmar Hausa mafi kusa da ajuban ita ce mahaɗi. Uwargida ma ta san shi a madafa. Kanwa ba abinci ba ce, ba wanda zai ƙoshi da ita, amma 'yar kaɗan a tukunyar wake ta kan sa ya nuna da wuri.

Dawakin Ramon da garin rogo

Labarin yadda mahaɗi ya shiga allurar rigakafi ya fara ne da cutar mashaƙo. Wannan cuta tana kama maƙogwaro, ta shimfiɗa wata fata mai toka-toka da ke toshe numfashi, wuya ya kumbura, dafinta kuma ya taɓa zuciya. Shekaru ɗari da suka wuce tana kashe yara da yawa a Turai.

A lokacin akwai wani likitan dabbobi a Faransa mai suna Gaston Ramon, yana aiki a Cibiyar Pasteur. Aikinsa shi ne yi wa dawakai allurar dafin mashaƙo kaɗan-kaɗan, har jinin dokin ya yi makarin dafin, sa'an nan a ɗebi jinin a tace makarin a ba mara lafiya. Har yau daga jinin doki a ke samun makarin da a ke ba wanda mashaƙo ya riga ya kama. A 1923 Ramon ya gano yadda za a kashe kaifin dafin da wani ruwan magani mai suna fomalin, ya zama ba ya cutarwa amma jiki yana gane shi.

A 1925 sai ya lura da wani abu. Dawakin da wurin allurarsu ya kumbura, jininsu ya fi na sauran yawan makari. Maimakon ya ɗauki kumburin a kan ɓarna, sai ya tambayi kansa ko shi ne ke kawo ƙarin. Ya shiga gwaji, yana garwaya allurar da abubuwa iri-iri don su ta da kumburi da gangan. Cikin abubuwan da ya gwada har da ɓarɓashin burodi, da mai, da sitacin rogo wanda a ke kira tapiyoka. Rogon nan dai da mu ke nomawa. Makarin kuwa ya ƙaru. Waɗannan abubuwa ne Ramon ya kira mataimaka, da tsohuwar kalmar nan ta likitoci.

A shekara ta biye, 1926, wani masani a Ingila mai suna Alexander Glenny ya gwada alif. Mun san alif, shi ne wanda mu ke jefawa a ruwan rafi ko na kududdufi ya kwantar da laka. Glenny ya zuba shi a ruwan dafin da aka kashe wa kaifi, dafin ya manne da shi ya kwanta. Da ya yi wa dabbobin gwaji allura da abin da ya kwanta, sai ya ga kariyarsu ta fi ta waɗanda aka yi wa da ruwan dafin zalla. Daga shekarun 1930 aka fara sa irin wannan mahaɗi a allurar mutane, har yau kuma shi ne aka fi amfani da shi a duniya.

Amma a lura. Abin da ke cikin allura yanzu ba alif na kasuwa ba ne. Ɗan'uwansa ne, wani gishiri na alminiyam da a ke yi a masana'anta da tsabta da awo. Alminiyam kuwa shi ne ƙarfen nan mara nauyi da maƙera ke zuba tukwane da shi. Yana cikin ƙasar da mu ke nomawa, kullum kuma ɗan kaɗan nasa yana shiga cikinmu ta abinci da ruwan sha. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada ya wuce miligiram 1.25 a allura guda. Ƙwayar gero ɗaya ta fi wannan nauyi.

Yadda mahaɗi ke aiki a jiki

Bari mu yi misali da ɓarawo. In ɓarawo ya ratsa gari da tsakar dare ba wanda ya farka, gobe ya dawo ba mai gane shi. Amma in wani ya yi kururuwa, mutane suka fito da fitilu suka ga fuskarsa, to, ya gama shiga garin nan a ɓoye.

Jikinmu yana da masu tsaro a cikin jini. Aikin allurar rigakafi shi ne ta nuna musu kamannin cutar tun ba ta zo ba. Wasu allurai an yi su da ƙwayar cuta mai rai wadda aka raunana. Irin waɗannan su kan yi motsi a jiki, masu tsaro su farka da kansu. Cikinsu akwai ta ƙyanda, da ta shawara, da ta tarin fuka, da ɗigon shan inna da a ke ɗiga wa yara a baki. Waɗannan ba su da mahaɗi, gama ba su bukatarsa.

Wasu alluran kuwa ba rai a cikinsu. Ɗan ɓangaren ƙwayar cuta ne kawai, ko dafinta da aka kashe wa kaifi. Irin wannan yana iya shiga jiki ya fita shiru, masu tsaro ba su kula ba. Mahaɗi shi ne mai kururuwa. Yana riƙe da kamannin cutar a jikinsa, yana kuma ta da ɗan hargitsi a wurin allurar, masu tsaro su taru, su ɗauki kamannin su kai kaluluwa, inda a ke koya wa sauran. An yi shekaru sittin ana amfani da mahaɗi ba a san dalilin aikinsa sosai ba. A 1989 wani masani a Jami'ar Yale ta Amurka, Charles Janeway, ya bayyana cewa masu tsaron farko sai sun ga alamar haɗari kafin su ta da sauran. Bincike na baya ya tabbatar da maganarsa.

Amfanin mahaɗi uku ne. Kariya ta kan yi ƙarfi. Ta kan daɗe. Kuma ɗan kaɗan na uwar maganin ya kan isa, saboda haka abin da zai yi wa yaro ɗaya sai ya wadaci yara da yawa.

Allurar da ta shafe mu

Wannan ba labarin Turai kaɗai ba ne. A ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓarke a Kano, ya bazu cikin 2023 zuwa jihohi da yawa na Arewa. Jihar Kaduna ba ta tsira ba, an sami masu cutar a Kafanchan da kuma nan Makarfi. Yawancin waɗanda ta kama yara ne da ba a yi musu rigakafi ba, ko aka fara ba a gama ba.

Allurar da ke tsare yaro daga mashaƙo ita ce wadda ma'aikata ke kira fenta, aka fara ta a Nijeriya a 2012. Cututtuka biyar ta ke karewa: mashaƙo, tarin shiƙa, sarƙewar haƙora, wani irin ciwon hanta, da wata ƙwayar cuta mai kawo ciwon huhu da sanƙarau ga jarirai. A cinya a ke yin ta, sau uku: yaro yana da mako 6, da mako 10, da mako 14. Tana da mahaɗin alminiyam. Haka ma allurar sarƙewar haƙora da a ke yi wa mata masu ciki, wadda ke tsare uwa da jaririnta, da wadda a ke yi wa manomin da fartanya ko lauje ko ƙusa ta ji wa rauni.

To, ga amsar tambaya ta fari. In cinyar yaro ta yi ja, ta ɗan kumbura, jikinsa ya yi ɗumi kwana ɗaya ko biyu, abin da Ramon ya gani a dawakinsa ke nan. Wani lokaci ɗan ƙullutu ya kan tsaya makonni kafin ya baje. Kada a kai wa wanzami ya tsaga, kada a yi sakiya, kada a gasa da ruwan zafi. A ci gaba da ba shi nono, a sa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi a wurin, a ba shi maganin zazzaɓi gwargwadon yadda ma'aikacin lafiya ya faɗa. Amma in zazzaɓin ya yi tsanani, ko ya wuce kwana biyu, ko yaro ya yi taune-taune, ko ya ƙi nono, ko kumburin yana ƙaruwa yana ɗurar ruwa, a kai shi asibiti ba jinkiri.

Babban haɗarin shi ne uwa ta ga kumburin allurar fari, maigida ya ce ba za a koma ba. Allura ɗaya ba ta gama koya wa jiki. Kumburin kwana biyu ba a gwada shi da mashaƙo.

Mahaɗi daga ɓawon itace

Ba alminiyam kaɗai ba ne mahaɗi. A ƙasar Chile, can Amurka ta Kudu, akwai wani itace wanda ɓawonsa ke kumfa in an jiƙa shi, mutanen ƙasar suna wanki da shi tun dā. Mu ma mun san irin wannan a sassaƙen aduwa. Abin da ke sa kumfar sunansa safonin, daga kalmar Latin ta sabulu. Daga ɓawon itacen Chile ɗin a ke tace mahaɗin da ke cikin allurar zazzaɓin cizon sauro mai suna R21, wadda Jami'ar Oxford ta Ingila ta ƙirƙiro, a ke kuma yin ta a Indiya. Hukumar NAFDAC ta amince da ita a 2023, aka fara yi wa yara a jihohin Kebbi da Bayelsa a watan Disamba na 2024. In babu mahaɗin, allurar ba ta da ƙarfin kirki. Amma wannan ba ya nufin sassaƙen aduwa rigakafi ne. Irin safonin ɗin daban ne, kuma sai an tace shi an auna.

Ga makiyaya da masu kiwon kaji

Dabbobi ma haka abin ya ke. Allurar harbin daji ta shanu, irin wadda Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Vom ke yi, ba ta da rai, da mahaɗi ta ke aiki. Allurar ɓoru da wasu alluran kaji masu ƙwai a kan garwaya su da mai, shi ya sa za ka gan su fari kamar madara. Mai yana sa kariya ta daɗe, amma ya kan bar ƙullutu a wuyan saniya. Ba ɓarna ba ce.

Gargaɗi guda a nan. In mai yin allura ya soki yatsansa ko hannunsa da allura mai mai, kada ya ce ɗan ƙaramin abu ne. Ya tafi asibiti a ranar, ya tafi da kwalbar a hannu. Man yana iya kumbura yatsa har jini ya kasa ratsawa, a rasa yatsan.

Don me ba a so ta daskare

Ga amsar sauran tambayoyi biyu. Farin abin da ke kwantawa a gindin kwalba shi ne mahaɗin, uwar maganin tana manne da shi. In ba a girgiza ba, na farko zai sami ruwa, na ƙarshe ya sami kauri. Saboda haka girgizawa wajibi ce.

In kuwa kwalbar ta daskare, mahaɗin ya kan dunƙule ya zama tsaki-tsaki, ko ta narke ba ya komawa yadda ya ke. Ƙarfin allurar ya ragu ke nan, kumburinta kuma ya ƙaru. Wurin ajiyarta shi ne sanyi tsakanin digiri 2 da 8. Ma'aikatan lafiya suna da gwajin da su ke yi. Su kan daskarar da kwalba ɗaya da gangan, su narkar, su girgiza ta tare da wadda a ke shakka, su ajiye su gefe da gefe. Wadda ta lalace ta kan kwanta da sauri ta bar ruwa garau a sama. Lafiyayya ta kan daɗe da gurɓinta kamar kunu.

Wannan ya shafi duk mai sayo allurar dabbobi daga Zariya ko Kano ya kawo Hunkuyi ko Gubuchi ko Paki. Mutane su kan cika kula da ƙanƙara su tura kwalba a tsakiya, suna ganin sun kyauta. In allurar mai mahaɗi ce, a bar ƙanƙarar ta fara narkewa tukuna, a naɗe kwalbar da takarda ko kwali kada ta taɓa ƙanƙarar. A gida kuma kada a sa ta a ɗakin ƙanƙara na firiji.

Wurare biyu da za ku sake jin kalmar

Na ɗaya a gona ne. Masu noman tumatir da albasa da barkono a fadamun Ikara, da masu rake a Makarfi da Kudan, sun san yadda ruwan feshi ke zamewa daga ganyen albasa ko kabeji kamar an zuba a bayan agwagwa. Akwai abin da a ke sayarwa don ya sa maganin ya bazu ya manne a ganye, shi ma ajuban a ke kiransa. Tun 2016, shekarar da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir har Gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kanta, feshi ya ƙaru ƙwarai, wasu kuma suna zuba garin sabulun wanki da ka. Magunguna da yawa sun riga sun zo da mahaɗinsu a ciki. Ƙari a kan wannan yana iya ƙone ganye. A karanta takardar, ko a tambayi malamin gona.

Na biyu a asibiti ne. In an yi wa mutum aikin ciwon daji, misali na nono, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, likita ya kan sa a biyo da ƙarin ruwan magani, ko gashi da na'ura, ko ƙwayoyin da za a sha shekaru. Wannan ma sunansa magani mataimaki. Aikinsa shi ne kashe ragowar cutar da ido ba ya gani. Kada kalmar "mataimaki" ta sa a ɗauka na ganin dama ne. Wanda aka yi wa aiki ya ji sauƙi ya ƙi komawa, ya yi noma ne ya bar maimai.

Abin da za mu riƙe

1. Ajuban ma'anarsa mataimaki, wato mahaɗi. In wani ya ce an ɓoye wani abu a cikin allura, ku gaya masa sunan abin da aikinsa. A rubuce ya ke a takardar da ke cikin kwalin.

2. Ɗan kumburi da ɗumin jiki bayan allura alama ce jiki ya amsa. A koma a gama sauran, a kuma adana katin yaro.

3. Allura mai mahaɗi a girgiza ta, a sanyaya ta, kada a daskarar da ita.

4. Mahaɗin allura an auna shi an gwada. Kada mu ƙara namu, ko kanwa ko alif ko sabulu, a maganin asibiti ko na dabbobi ko na feshi.

Wanda ya karanta wannan ya karanta wa maƙwabcinsa da bai iya karatu ba. Shugabannin ƙungiyoyin manoma da na mata su tattauna shi a taronsu na gaba, su kuma bincika ko akwai yaro a unguwarsu wanda aka fara wa fenta ba a gama ba. In akwai, a raka uwarsa ɗakin shan magani ranar allura mai zuwa. Mai wata tambaya kuma ya aiko mana, za mu amsa a fitowa ta gaba.